Fatsar ƙwaron gashi: abin da ɗan bakin kogi zai tarar a ruwan sanyi

Tambayar ta zo ne daga wani matashi ɗan gidan masunta a wani ƙauye wajen Auyo, bakin Kogin Haɗejia. Ya ce wajen aikinsa za su tura shi kwas a Kenya, kuma masu masaukinsu sun yi alkawarin kai su yini guda kamun kifin da ake kira tirawut a wani kogin kan dutse, tare da ɗan jagora. Ya ga hoton bidiyon irin wannan su ɗin a waya: mutum tsaye cikin ruwa yana kaɗa igiya a iska kamar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa, in ya kama kifin kuma sai ya sake shi. Yana so ya san mene ne wannan, me zai shirya, sannan ko za a iya yin irinsa a gida.

Malam, ka fara da sanin bambanci guda ɗaya, don komai a kansa ya rataya. A fatsar da ka saba, nauyin tana ko darma ne ke jan zare ya kai shi inda ka jefa. A wannan kuwa abin da ke bakin ƙugiya ba shi da nauyin komai. Gashin tsuntsu ne da zare aka naɗa a jikin 'yar ƙugiya har ya yi kama da ƙwaro, in ka jefa shi da hannu ko taku biyu ba zai yi ba. Saboda haka aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta. Igiya ce mai kauri, an lulluɓe ta da roba, tana yawo a saman ruwa, tsawonta kusan mita 27. Ita ake jefawa, ƙwaron kuwa bin ta kawai yake yi. Kaɗawar nan da ka gani a waya ba ƙawa ba ce, hanyar miƙar da igiyar ke nan.

Shi kifin, ɗan ruwan sanyi ne. Ya fi walwala idan sanyin ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 16, yana fara galabaita idan ya haura 20, wajen 25 kuwa mutuwa yake yi. Dalili shi ne iskar da ke narke cikin ruwa: lita guda ta ruwa mai digiri 10 tana riƙe kusan miligiram 11, mai digiri 30 kuwa ba ta kai 8 ba, shi kuma kifi ne mai cin iska da yawa. Ƙwansa ma sai a cikin tsakuwa mai tsabta wadda ruwa ke ratsawa, laka na rufe shi ya lalace. Iri biyu za ka ji ana ambata. Akwai mai jan zane a gefe, wanda asalinsa yammacin Amurka ta Arewa ne, akwai kuma mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige, ɗan asalin Turai. Babu ɗayansu da yake ɗan Kenya. Turawa ne suka kai ƙwansa a 1905 suka zuba a Kogin Gura na duwatsun Abadiya (Aberdare) a tsakiyar Kenya, ya kuwa zauna, saboda rafukan can suna gangarowa ne daga tudun da ya haura mita 2,000, kuma duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6. Kano ko mita 500 ba ta kai ba. Wannan kaɗai ya amsa rabin tambayarka ta ƙarshe, amma za mu koma kanta.

Kayan aiki jagora ne zai kawo, kada ka sayi komai. Sai dai ka san sunan abin da za a damƙa maka. Sandar da aka fi amfani da ita a duniya ƙafa 9 ce, mai lamba 5, kuma lambar ta igiya ce: ƙafa 30 na farkon igiya mai lamba 5 nauyinsu kusan giram 9 ne, sandar kuma an yi ta ne don ta lanƙwashe daidai da wannan nauyin. A rafukan Kenya, da yake ƙanana ne kuma itatuwa sun rufe su, ƙila a ba ka gajera, ƙafa 7 ko 8 mai lamba 3 ko 4. A gindin sandar akwai abin naɗe igiya, wanda a ƙaramin rafi aikinsa bai wuce ajiya ba. A bakin igiya mai kaurin ana ɗaura zaren gaba, na roba garai-garai, tsawon ƙafa 9, mai kauri a gindi yana sirancewa har ƙarshe. Sirancewar ce ke sa ƙarfin jifa ya bi ta cikinsa a hankali har ƙwaron ya sauka kan ruwa ba tare da fantsama ba. Ƙarshensa ana auna shi da lamba da harafin X. Mai 5X kaurinsa milimita 0.15 ne, yana ɗaukar kusan kilo 2. Ƙugiya ma lamba gare ta, kuma a juye take: mai lamba 16 ta fi mai lamba 10 ƙanƙanta. Masu sana'ar suna raba lambar ƙugiya gida uku su sami zaren da ya dace, wato ƙugiya 12 ta tafi da 4X, ƙugiya 16 da 5X. Idan zaren ya yi wa ƙwaron kauri, sai ya riƙe shi ƙiƙam ya hana shi tafiya yadda ruwa ke so.

Ƙwarin kashi uku ne. Na farko mai yawo a sama, wanda ake shafa wa ɗan mai don kada ya jiƙe, yana kwaikwayon ƙwaron da ya faɗo ruwa, kamar fara ko tururuwa. Na biyu mai nutsewa, sau da yawa da ɗan dutsen ƙarfe a kansa, yana kwaikwayon tsutsar ƙwarin da ke rayuwa a ƙarƙashin duwatsu. Na uku dogo ne, kamar ɗan kifi, ana jan sa da hannu. Baƙo yakan ƙwallafa rai a kan na sama don yana son ya ga kifi ya taso ya cafka, amma mafi yawan abincin tirawut a ƙarƙashin ruwa yake cinsa. Idan jagora ya ɗaga wani dutse daga rafi ya juya shi yana duban abin da ke rarrafe a jiki, to zaɓen ƙwaro yake yi. Matso ka duba tare da shi. Abin lura kuma, Kenya na cikin ƙasashen da suka fi ɗaura waɗannan ƙwarin da hannu suna sayarwa Turai da Amurka, don haka a can za ka same su da araha.

Yanzu jifa. Nan ne hannunka zai yi maka gardama, don ɗan su ya saba da wurga birgi da dukan ƙarfinsa. Riƙe sandar, babban yatsa a sama. Ka zaro igiya kamar mita 6 ko 7 ta kwanta a gabanka, bakin sanda yana ƙasa dab da ruwa. Ka ɗaga a hankali, ka ƙara sauri, sannan ka tsayar da sandar cak idan ta ɗan wuce saitin kunnenka. Tsayawar ce ke harba igiyar baya. Sai ka dakata. Wannan dakatawar ita ce duk abin da ke kayar da sabon shiga: dole igiyar ta miƙe sarai a bayanka kafin ka turo ta gaba. Waiwaya ka dube ta, ba abin kunya ba ne. Idan ta miƙe, ka turo gaba da irin wannan saurin mai ƙaruwa, ka sake tsayarwa cak a saitin goshinka, sannan ka bi igiyar da sanda har ta kwanta a ruwa.

Kurakuran ba su da yawa, kuma kowanne da alamarsa. Idan ka ji ƙara fyat a bayanka kamar bulalar mai shanu, ka yi gaggawa ne, kuma in ka duba ƙila ƙwaron ya tsinke ya tafi. Idan igiyar tana dukan ƙasa ko ciyawa a baya, ka karya wuyan hannu ne sandar ta kwanta da yawa. Tura gindin sandar cikin hannun rigarka, zai hana ka. Idan ta zube a gabanka a cukurkuɗe kamar taliya, ba ka tsayar da sandar ba, ka shara ta ne har ƙasa. Idan kuma ka ga ƙananan ƙulli suna fitowa a zaren gaba ba kai ka ƙulla ba, ƙarfi ka sa farat ɗaya a farkon jifa maimakon a ƙarshensa. Kada ka raina wannan ƙullin, yana rage ƙarfin zare sosai, kuma daidai nan zai tsinke ranar da babban kifi ya kama. Yanke shi a sake ɗauri. Duk ƙullin da za ka ɗaure kuma ka jiƙa shi da yawu kafin ka ja, don zafin gogayya yana ƙona zaren.

A rafin da bishiya ke bayanka babu wurin jifan baya. Akwai wani jifan da jagora zai nuna maka: ka ja sanda a hankali har igiya ta rataya a gefen kafaɗarka kamar cikin baka, bakinta yana kan ruwa, sannan ka tura gaba, sai ta mirgina ta miƙe. In Abadiya aka kai ka, wannan za ka fi yi. Kuma ka cire wa ranka jifan nesa. Yawancin kifin da ake kamawa a ƙaramin rafi bai wuce mita 10 daga ƙafar mai kamun ba.

Ga inda maganar take da nauyi. Tirawut yana tsayawa ne wuri guda, kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran abin da ruwa zai kawo. Ya ga ƙwari dubbai sun wuce ta kansa, kuma kowanne da saurin ruwan da ke ɗauke da shi yake tafiya, ba ƙari ba ragi. Naka ƙwaron kuwa a ɗaure yake, igiyarsa ta kwanta a kan ruwa iri-iri, wani mai gudu wani mai sanɗa. Da zarar tsakiyar igiya ta faɗa ruwa mai gudu, sai ta yi ciki ta fara jan ƙwaron, ya riƙa tsaga ruwa yana barin ɗan layi a bayansa kamar kwalekwale. Kifi na ganin haka ya san akwai magana, ba zai taɓa ba, wani lokaci ma ya daina ci gaba ɗaya. Ka zuba wa kumfar da ke kusa da ƙwaronka ido. In suna tafiya tare kafaɗa da kafaɗa, lafiya lau. In ƙwaron ya wuce kumfar ko kumfar ta wuce shi, ana jan sa. Maganin shi ne da igiya ta sauka ka ɗaga sanda ka juya cikin igiyar zuwa sama da ruwa, kamar mai juya igiyar tsalle, ba tare da ƙwaron ya motsa ba. Wani lokaci sau biyu ko uku a tafiya ɗaya. Jagora zai yi ta nanata maka wannan har ka gaji da ji, kuma gaskiyarsa ce: matsakaicin jifa da kyakkyawar tafiya ya fi jifan gwani da ƙwaro mai tsaga ruwa.

Idan mai nutsewa aka ɗaura maka, za a saka ɗan abu mai yawo a zaren gaba, aikinsa ɗaya da totuwar da yara ke sakawa a fatsa. Tazararsa da ƙwaron ya kai zurfin ruwan sau ɗaya da rabi. Ƙwaron ya riƙa taɓa ƙasa jefi-jefi. In bai taɓa ba ko sau ɗaya, a saman kifin yake wucewa, a ƙara tsawo ko nauyi. Bambancinsa da tana shi ne kifi ba ya haɗiye gashi. Yana ɗauka ya ji ba nama ba ne ya tofar nan take. Kada ka jira totuwar ta nutse ta tafi kamar yadda tarwaɗa ke yi. Ko tsayawa ta yi, ko ta ɗan karkata, ɗaga sanda. Ɗagawa kawai, kamar mai kai waya kunne. Fizgar da ka saba yi wa ragon ruwa za ta tsinke 5X ne nan take. Ga ƙwaron sama kuwa akasin haka: bari kifin ya rufe baki ya juya kansa ƙasa tukuna, in ba haka ba za ka zare masa abin daga baki.

Abin da za ka fi sauran baƙi da shi shi ne karatun ruwa, don wannan gado ne a wajenka. Kifi ko'ina yake yana neman inda abinci zai zo masa ba tare da ya sha wahalar iyo ba, kuma da maɓoya kusa. Duba layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, gaban babban dutse da bayansa, ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ƙwaƙule, da bakin gurbi inda ruwa ke shigowa daga kan tsakuwa. Inda kumfa ta yi layi, nan abinci ke bi. Sai dai ruwan garai yake, ba irin namu mai launin koko ba. Kifin yana ganinka, yana kuma jin takunka ta cikin tsakuwa. Ka tunkare shi ta bayansa, wato kana hawa ruwa, ka sunkuya, kada inuwarka ta faɗa gurbin. Farar riga ka bar ta a masauki, ka sa mai duhu. Ka fara jefawa kusa sannan ka yi nisa, don in ka fara da nesa igiyarka za ta kwanta a kan kifin da ke kusa ta kore su.

Game da shi jagoran: rabin yini yakan kai awa 4, cikakke kuma awa 8. Kafin ranar a tambaye shi abin da kuɗin ya ƙunsa, wato kayan aiki, abinci, lasin kamun kifi da kuɗin shiga gandun daji, don a can ba a jefa ƙugiya sai da takarda. A cikin gandun Abadiya akwai ɓauna da giwa, ana tafiya ne da ma'aikacin daji mai bindiga, kada ka ware kai kaɗai don ka hango gurbi mai kyau. Mutum biyu ga jagora ɗaya shi ne daidai. In an tara ku shida a kan mutum guda, yawon buɗe ido kuka je. Ka gaya masa gaskiya cewa ba ka taɓa riƙe irin wannan sandar ba. Wanda ya ce ya iya don kada a raina shi, shi ne ke rasa rabin awar koyarwa ta farko a kan ciyawa, wadda ta fi duk sauran yinin amfani. Ka kuma faɗa masa tun da wuri maganar abincin halal da lokacin salla, ba sa ƙi. Al'ada ce a ba shi ɗan ihsani a ƙarshe, ko an kama ko ba a kama ba. Idan da zaɓin lokaci, a kauce wa manyan ruwan sama na Maris zuwa Mayu, lokacin rafukan cike suke da laka.

Sanyi zai ba ka mamaki, ya fi na hunturun Haɗejia shiga ƙashi saboda jiƙa. Ka tafi da rigar sanyi, rigar ruwa, safa biyu da kayan canji. In an ba ka wandon roba mai kaiwa ƙirji, ɗaure bel ɗinsa tam, don in ka faɗi ba bel ruwa zai cika shi ya hana ka tashi. Duwatsun santsi gare su. Taka a gicciye, ƙafa ɗaya ta kafu kafin ɗaya ta tashi, kuma kada ka wuce gwiwa a ruwa mai gudu ko da ka iya ninƙaya. Hula da tabarau ba a cire su, ƙugiya tana wucewa ta gefen fuskarka sau ɗaruruwa a yini. In iska na busowa daga ɓangaren hannun da kake jifa da shi, ita ce ke kawo ƙugiya kunne. Sauya wuri ko ka jefa ta ɗaya kafaɗar.

Sakin kifi na san shi ne zai fi ba mutanen gida dariya. Lissafi ne kawai: ƙaramin rafi kifinsa ƙididdigagge ne, in kowane baƙo ya tafi da goma, baɗi jagora ba shi da sana'a. Kamar hana kamu da sarkin ruwa ke yi a wani gurbi har sai ranar da aka buɗe shi. Wasu wuraren suna barin a ɗauki ɗaya ko biyu, ka tambaya. In za a saki, a danne 'yar ƙayar ƙugiya da filaya tun kafin a fara, a jawo kifin da wuri kada ya ƙare ƙarfinsa, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi don busasshen hannu yana kwashe yauƙin da ke kare fatarsa, kada a matse cikinsa, kada kuma a sa yatsa a inda yake numfashi. Hoto na daƙiƙa kaɗan ne. A riƙe shi cikin ruwa kansa na fuskantar gudun ruwa har ya fizge da kansa. Kuma kada ka sa ran ƙato, kifin waɗannan rafukan yawanci bai fi tsawon tafin hannu da rabi ba.

To, a gida fa? Tirawut dai ba zai rayu a Tiga ko Challawa ko Kogin Haɗejia ba, ko da hunturu ya ɗaga masa ƙafa, bazara za ta kashe shi. Duk wanda ya zo maka da maganar kiwonsa a kududdufi a Jigawa, riƙe kuɗinka. Amma dabarar ba ta san sunan kifi ba. Kawara tana cin ƙwaro a saman ruwa, kuma duk wanda ya tsaya bakin kogi a farkon damina daren da gina ta tashi ya ga yadda ruwa ke tafasa da ita. Ƙugiya lamba 12, jiki na baƙin zare, fukafukai biyu na gashin zabo, ka sami gina. Karfasa tana ɗaukar ƙaramin mai nutsewa a gefen ciyawa in ana jan sa sannu-sannu. Tsage yana kai wa mai kama da ɗan kifi hari da ƙarfi, sai dai haƙoransa suna yanke zare, dole a sa ɗan tsinken waya kamar santimita 10 zuwa 15 kafin ƙugiya, da sanda mai lamba 8 ko 9. A Kogin Faro na arewacin Kamaru baƙi suna biyan kuɗi mai yawa don a kai su kamun tsage da giwan ruwa da irin wannan sandar.

Abin da zai takura maka shi ne laka da kacala. Kifi sai ya ga ƙwaron zai ci, don haka lokacinka daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya kwanta ya washe, sai kuma ƙasan dam inda ruwa ke fitowa da ɗan haske, amma ka san lokacin da ake buɗe ƙofa. Ka yi daga cikin kwalekwale ko daga gaɓa maimakon tsayawa awanni cikin ruwa mai ciyawa, saboda tsargiya. Wajen cika kwando kuwa kalli da mali sun fi ta nesa ba kusa ba, ba sana'ar ciyar da gida ba ce. In za ka sayo abu ɗaya daga Nairobi, sayo igiyar mai kauri, lamba 6, da 'yan zaren gaba. Ƙwari za ka ɗaura da kanka daga gashin zabo da na wuyan zakara, sanda kuma ana iya lallaɓawa da doguwar gora mai laushi kafin a sami ta gaske, amma igiyar ba a samun ta a kasuwar Haɗejia.